Lasifikar Kasuwar Barci

Faifan da Baba ya saya da albashin masaƙar Kakuri
na ɗauka zuwa shagon Tanimu mai rediyo.
Ya jona wata baƙa, tsayinta har ƙuguna,
ta yi gunji, kofin shayinsa ya kama tafiya,
allura ta tsallake baiti biyu.
Na ce, wannan ta gidan biki ce.

Ya jawo wata ta katako, gefenta a ɓantare.
Ganga ta sauko da nauyinta, ba ta danne murya ba,
har ƙaras-ƙaras ɗin nan na ji,
daidai inda Baba kan ɗaga yatsa a yi shiru.

Ban taya ba.
Rungume da ita na hau keke har Makera.