Tubali a Limancin Kona

A Limancin Kona, bayan masallaci,
Kawu Cindo na zaune kan katanga,
ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje,
ni da tulin tubali muna ƙasa.

"Wurgo!" Na wurga.
Ya bar hannuna da zafin nama,
a rabin hanya jiki ya yi masa nauyi
kamar mai hawan Kufena da azumi,
ya zo daidai hancin Kawu ya tsaya cak,
bai hau ba, bai sauko ba.
A wannan ƙiftawar Kawu ke miƙa hannu
ya tsinke shi kamar mangwaro a bisa.

Wanda bai kai ba sai ya juyo,
da gudun da ya tafi da shi ya dawo,
ya tarwatse a gaban yatsuna.
"Ba ka karya ba ne, ko kuwa wasa?"

Da dare na buɗe littafin da na aro a Samaru.
Ashe abin da kafaɗata ta daɗe da sani
wasu sun zuba shi a lissafi.
Ƙasa mai bin bashi ce,
kowace daƙiƙa sai ta yanki kasonta a gudun jifa,
ba ragi, ba ɗaga ƙafa.
Inda gudu ya ƙare, hawa ya ƙare.
Ninka gudu biyu, tsawo ya ninku huɗu.
Sassauta jan, jifa ya ƙara nisa.

Da safe na ce: Kawu, a kan wata
ja bai fi ɗaya cikin shida na namu ba.
Wannan wurgin nawa a can
zai haye katanga shida a kan juna,
ya bar ka kana lalube da hannu.

Ya tauna goro, ya harari sama.
"A can ɗin ma yana faɗowa?"
Na ce yana faɗowa, sai dai ya daɗe.
"To me ka ƙaro?
Kakata ko Ƙofar Doka ba ta cika fita ba,
ita ta ce mini komai nisan jifa..."
Bai ƙarasa ba, rana ta taɓa kwaɓi.
"Wurgo, yaro, wata bai ba mu aiki ba."

Na sunkuya na ɗauka.
Nauyin da ke hana shi wuce Kawu,
shi zai zaunar da shi kan ɗan'uwansa
har jikokin mai gidan nan su tasa.