Littafin Awo

Ni tela ne a bayan tasha, Sabon Garin Zariya.
Ban san kan waƙa ba, awo na sani.
Shekara talatin da ɗaya ina auna mace guda,
ga littafin nan, bangonsa ya sha man keke, ya sha yatsa.

Shafin farko: Barira, 'yar mai gadin reluwe,
kafaɗa sha uku, ƙugu kamar a kama da hannu ɗaya.
Ta zo da yadi biyu na akoko a ƙunshe cikin jarida,
ta ce, "Malam Tanimu, mai da ni itacen tsamiya."
Rawar da aka ba ta ke nan a dandalin Samaru:
ta tsaya, ta ɗaga hannu, kada ta tanka.
Dare na uku mura ta shaƙe sarauniyar wasan,
ganga na jira, 'yan kallo sun fara tari,
sai tsamiya ta buɗe baki
ta tsinci baitin da ya faɗi ƙasa.

Tun ranar ban sake ɗinka mata ganye ba.
Na ɗinka ta mahaukaciyar kasuwa, na ɗinka ta alƙaliya,
na ɗinka ta mai tuwo da ke zagin gwamna da wuƙar murya.
Kullum takan ce, "Sassauta min nan, ƙasan haƙarƙari,
nan waƙa ke zama kafin ta fito gaida mutane."
Inci biyu nake bari.
Ba wanda ya sani, amma duk tafin da aka yi mata
akwai inci biyuna a ciki.

Wani daren damina wuta ta ɗauke, inji ya ƙi tashi.
Ba ta tsaya ba. Cikin duhu ta ci gaba da rigima da mijin wasa,
ta rera, ta juya, ina jin kas-kas ɗin wurin da na jera a gefen zane.
Da idona ban ga komai ba,
amma wasan nan shi na fi gani.

Kuɗi? Kada ka tambaya.
Wata rana na motar Kwangila, wata rana lemo da "madalla".
Mai gidan hayarta a Tudun Wada yana kiranta 'yar nanaye,
da yamma kuma ya aiko yaro neman tikiti.
Ta je Jos, ta je Yamai, ta dawo da akwati mai ɗaurin igiya,
maɓalli uku sun ɓata, ƙafa ta kumbura,
tana dariya tana ba ni labarin inda ta manta baiti ta ƙago nata.

Shafi na arba'in: wuya ya ƙaru da inci guda.
Na sake awo. Na zargi tef ɗina.
Ni na fara ganin maƙoƙon, kafin likitan Shika.
Suka yanka, suka ɗinke, ɗinkin da ni ba zan karɓi kuɗinsa ba.
Muryar ta dawo kamar zaren da ya kwana a rana,
ka ja kaɗan, ya tsinke.

Na yi mata riga mai dogon wuya don rufe tabon.
Washegari ta dawo da ita, tana magana ƙasa-ƙasa:
"Farke shi. Bari su ga ƙofar da ta fita."

Yanzu tana Hanwa, gindin mangwaro, da yara tara,
tana buga musu kari a bayan faranti,
tana nuna da gira abin da maƙogwaro ya daina faɗa.
In ta turo su awo, saƙon ɗaya ne:
a bar musu wurin numfashi.

Har yau ina bin ta kuɗin tsamiya, naira huɗu.
Duk sallah takan leƙo ta ce, "Ban manta ba."
Ni ma ban soke ba.
In na soke, me zai biyo da ita ta bayan tasha?