Baƙi Ba Ɗaya Ba Ne

Valparaíso, safiyar Talata.
Teku ya kwana yana tari a gindin tudu.
Eduvigis Carrasco ta hawo matattakala tamanin da uku,
ta ƙirga, ta faɗa mini tun kafin gaisuwa,
wasiƙar mahaifinta na cikin ledar burodi.

Masunci ne. Layi goma sha ɗaya ya bari:
kwalekwale na wane, taru na wane,
bashin mai ƙanƙara, kuɗin kabari.
Sai can ƙasa, a karkace,
kamar wanda ya kai ƙofa ya juyo:
"A ba Nibaldo ɗakin baya. Na yafe masa."

"Wannan ba Baba ba ne," in ji ta.
"Nibaldo ne ya ƙara. Ki gwada mini."

Ni ba alƙali ba ce.
Shekara ashirin da biyu ina wanke kwalabe a ɗakin gwajin nan.
Na sa allura mai rami na ciro ɗan baƙi
daga wutsiyar layin farko, bai kai ƙwayar riɗi ba,
na ciro wani daga cikin yafiyar.
Na jiƙa su da sifirit
har suka saki abin da suka riƙe.

Layin fensir a gindin takardar tacewa.
Fensir, don shi ruwa ba ya ruɗinsa.
Ɗigo biyu, kafaɗa da kafaɗa.
Na tsoma bakin takardar, bakin kawai,
na rufe kwalba.

Saura haƙuri.

Kowa ya san ruwa da gangara,
amma a nan hawa yake, zare bayan zare,
kamar mutanen garin nan da yamma,
kowa da kayansa, kowa da tudunsa.
Ya iso ɗigon, ya yi sallama,
ya ce mai tafiya ya taso.

Ashe baƙi taron dangi ne
da suka yi shiru a ƙarƙashin suna ɗaya.
Ɗorawa ta fara ficewa, ba kaya, ba waiwaye.
Shuɗi na biye, yana tafe yana tsayawa
yana gaisawa da takarda.
Shunayya ta yi taku uku ta zauna.
Wani toka-toka kuwa ko motsi,
ya kafe inda aka ajiye shi,
irin dattijon da ya rantse ba zai bar unguwa ba.

Numfashinta na bayan wuyana,
sabulu da ɗan ƙarnin kifi.
A ƙasa wani jirgi ya yi kuka sau biyu.
Minti ashirin da biyar.

Na ciro, na shanya, na kawo rula.
Ɗorawa: santimita shida da rabi, hagu da dama.
Shuɗi: huɗu, da huɗu.
Shunayya ta zauna kusa da shunayya
kamar tagwaye a benci.

"Tawada iri ɗaya ce," na ce.

"To biron Baba ya ɗauka."

"Mai yiwuwa ne. Irinsa dubu a kasuwa.
Takarda ba ta ga hannu ba.
Launi ta sani,
da iyakar nisan da kowanne zai iya."

Ta daɗe ba ta ce komai ba.
Ta ɗaga 'yar takardar ta nufi taga da ita,
rana ta shigo ta cikin launukan
ta zube a kan yatsunta masu kaushi.

"Riga biyu gare shi, duk baƙaƙe.
Ya fi shekara tara bai ambaci sunan yaron nan ba."
Ta taɓa can sama, inda mai sauri ta tsaya.
"Ban taɓa sanin akwai ɗorawa a cikinsa ba."

Ban tambaye ta ko biron take nufi ba.

Ta naɗe sakamakon tare da wasiƙar,
ta mayar ledar burodi,
ta manta rasit a kan tebur.
Na ji takunta yana sauka, yana sauka,
wannan karon ba ta ƙirgawa.

Na zubar da sifirit, na wanke kwalba.
Shunayyar da ta kama babban yatsana
sai Juma'a ta bar ni.