Sanduna Huɗu a Gindin Altai

Tun kaka Baba ya ji ƙarar.
Muna gangaro kwazazzabon Bulgan da buhunan ulu,
ya ɗaga hannu ya ce, "Udwal, kashe rediyo."
Na kashe. Ban ji komai ba sai iska da tsakuwa.
Ya ce, "Akwai mai ƙwanƙwasa ƙofa cikin injin nan,
kuma ba baƙon alheri ba ne."

Sati uku muka yi kunnen uwar shegu,
har allurar baƙin mai ta fara lilo,
tak-tak ta koma ƙwal-ƙwal,
kamar ana saran ƙanƙara da dakusasshen gatari.

Yau ga jif ɗin bayan tanti, bisa duwatsu huɗu,
tsohuwar 'yar Rasha mai launin toka,
ta girme ni da shekara tara.
Mun sauke kan injin tun hantsi.
Na shimfiɗa buzun akuya, na shige ƙarƙashinta,
na kwance kaskon mai. Abin da ya zubo
baƙi wuluk, da ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli,
sai ka ce taurari sun faɗa tukunya.
Baba ya murza shi tsakanin yatsu biyu,
bai ce uffan ba.

Hannunsa na rawa tun hunturun da ya cinye mana tumaki,
sifana ba ta zama a tafinsa.
Shi ne kunne, ni ce hannu.

Da ƙotar guduma na tura fistan sama,
ɗaya, biyu, suka fito suna jan sandunansu.
Ta ukun ce mai laifi:
idonta ya buɗe, ya tashi daga zobe ya koma ƙwai,
zafi ya rina wuyanta shuɗi.
Na jijjiga ta, ta amsa da irin muryar nan
da ta bi mu tun daga Bulgan.
Baba ya karɓe ta hannu bibbiyu,
ya ce, "Kada ki zage ta.
Kafin a haife ki take hawa da sauka,
ba ta taɓa ganin inda muke zuwa ba."

Sababbin, Lhagwa ya kawo su daga Hobd,
kwana biyu a babur, naɗe cikin tsohuwar riga,
kuɗin raƙumi guda mai tozo biyu.
Na wanke su da kananzir har yatsuna suka mutu.
Kowace sanda da hularta, lamba ta bi lamba,
alama ta fuskanci gaba.
Na shafe su da mai kamar jaririn da aka yi wa wanka.

Wajen ɗaure noti muka yi musu.
Na aro sifana mai awo, shi ya yarda da tsintsiyar hannu.
Na ja har ta ce ƙyas.
Ya ɗora tafinsa mai rawa bisa nawa, ya ɗan taɓa,
ya ce, "To. Ƙarfen ma ya san abin da na sani."

Shayin gishiri ya huce sau biyu a kofi.
Rana ta faɗa bayan dutse, ƙanƙara ta fara lasar kunne,
muka mayar da komai da hasken tocila a baki.

Na murza makulli. Ta yi tari, ta yi shiru.
Na sake. Ta kama.
Baba ya kafa sukudireba a jikin inji,
ya manna kunne a ƙotarta, ya runtse ido.
Na ƙirga numfashinsa har goma sha ɗaya.
"Baƙon ya tafi," in ji shi.

Tsofaffin ukun suna cikin akwatin kayan aiki.
Mai shuɗin wuyan kuwa, Baba ya ɗaure ta
a igiyar da ke danne rufin tanti.
Daren jiya da iskar arewa ta taso,
na ji ta tana taɓa bango a hankali,
tak, tak,
shi kuma yana ta minshari.