Tauraro a Ƙirji

Ina ɗan shekara tara nake tallan gyaɗa
a bakin silima, can Ebute Meta.
In an kashe fitilu, mai tikiti ya ɗaga mini gira,
in sulale ciki da farantina.

Farin bango ya tsage, sai ga daji ba iyaka,
ga mutum bisa doki, malafa ta rufe masa ido,
tauraron ƙarfe a ƙirji.
Daga tudu masu gashin tsuntsu na gangarowa da ihu.
Ya ɗaga hannu, tau! ɗaya ya faɗi,
mu miƙe gaba ɗaya, Bayarabe da Ibo da ɗan Arewa,
tafi kamar ruwan Ikko bisa kwano.
Ban taɓa tambayar sunan wanda ya faɗi ba.

Jiya Ladidi, jikata, ta dawo daga Akoka
da littafi marar bango da ta tsinto
ƙarƙashin gadar Ojuwelegba, naira ɗari biyar.
Babu wuta. Ta kunna fitilar waya,
tana karantawa, tana juya mini da Hausa.

Ta ce, Kaka, ashe suna da suna: Komanci.
Yaronsu kan iya doki kafin ya iya gardama.
Ƙasarsu ciyawa ce, tafiyar wata guda,
ɓauna ce tuwonsu, ita ce rufin ɗaki, ita ce takalmi.
Na ce, ai sun yi ɓarna, da idona na gani.
Ta ce, sun yi. Sun ƙone gidaje, sun ɗauke yara,
littafin bai ɓoye ba.
Amma bari in juya shafi.

An kira manyansu sulhu a cikin gari,
suka zo da mata da 'ya'ya,
aka ja ƙofa.

Ta yi shiru. Janareton maƙwabci ya cike gurbin.

Sai bindiga mai baki ɗaya, ciki shida.
Sai aka bi ɓauna da harbi
har fili ya yi fari da ƙashi.
Sai dawakai, sun fi dubu,
aka tara su wuri guda, aka gama da su kafin la'asar.
Mutumin doki ya taka da ƙafa
zuwa inda aka shata masa.

Na ɗaga kai. Bisa ƙofa ga hoton kakana,
Kofur Jatau: jar dara, gajeren wando, ƙafa ba takalmi,
bindigar ta kusa fin shi tsawo.
Daga bauta ya gudo Ikko, aka ba shi lamba da albashi,
aka ce, nan doka ta tsaya, kai za ka kai ta gaba.
Ya kai ta.
Mun gaji lambar tagulla,
da wannan ɗan fili a Obalende,
da labarin wani gari da aka sa su cinna wa wuta,
wanda bai taɓa faɗin sunansa ba.
Tsohuwata ta ce har ya koma ga Allah
ba ya zama inda ake babbaka.

Ladidi ta haska hoton.
Ta ce, Kaka, shi wane ne a cikin fim ɗin?
Na ce, kashe fitilar nan, cajinki zai ƙare.

Barci bai zo ba. Sauro ya zo.

Da asuba, dawowa daga masallaci,
na bi ta bakin ruwa.
A bangon katakon Iya Sikira mai ƙosai
ga jan fenti, gicciye, bai gama bushewa ba.
Masu kaki ne suka zo, in ji ta, kwana bakwai suka bayar.
Shekara talatin tana suya a nan.
Ta juya ƙosai, ta tsame, ta ƙara mini biyu gyara.

Na karɓa da dama, na biya da dama.
Hagun ta rasa abin yi.
Su ne dai hannuwan da suka yi tafin.
Na cusa ta aljihu, na bi bayan danfo zuwa gida.