Tubalin da Ba Shi da Nauyi

Ni Baltasar, magini ne.
Shekara arba'in da ɗaya ina ɗora bulo kan bulo
a tuddan Valparaíso,
inda gida ke tsaye a wuyan gida
kowanne na leƙen teku ta kafaɗar ɗan'uwansa.
Tafin hannuna ya fi ƙirgi tauri.

Jikata Ximena, shekararta tara,
ita ma wai maginiya ce.
Ba ta taɓa kwaɓa siminti ba,
yashi bai taɓa shiga idonta ba.
Da yatsu biyu take ta da bene
kafin shayina ya huce.

Uwarta ta tare ni a gindin matakala:
"Baba, kai ka san gini, duba mini wasan nan.
Rosaura mai burodi ta ce da dodanni a ciki,
dare na yi suke fitowa.
Malaminsu kuwa ya ce lissafi yake koya musu.
Ni dai abin da na gani,
abinci na sandarewa a gabanta."

Na jawo kujera.
Abin da na fara gani haushi ya ba ni:
tubali a sama, ba ginshiƙi, ba harsashi,
yana reto kamar alkawarin mai cin bashi.
Na ce, "Yarinya, wannan ƙarya ce.
Abin da bai dafa ƙasa ba, ƙasa za ta kira shi."
Ta ce, "Kaka, a nan ba ya faɗuwa."
Na ce, "Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Sai ta bi da ni wani lungu.
Ƙofa shuɗiya. Matakala goma sha bakwai.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Taga mai duban jiragen ruwa,
lemun tsami a hagu,
har gurbin da karenmu ke kwanciya.
Gidanmu ne,
wanda gobara ta gangaro ta lashe
tana 'yar shekara biyar,
ko hoto ɗaya ba mu fita da shi ba.
"Ɗakin girkin ne ya ɓace mini," in ji ta,
"ina murhun kaka Eulalia yake?"
Na nuna. Yatsan na rawa.
Na ɗora wa tabarau laifi.

Amma kada a ce an sayi tsoho da ƙwalla.
Ran Alhamis wani baƙo marar fuska
ya shigo ta intanet, ya tarwatsa rufin,
ya bar mata zagi a bango.
Gida ɗaya ya rushe sau biyu
a idon yarinya ɗaya.
Ta yi kuka har muryarta ta dishe.
Dodannin Rosaura ba su taɓa sa ta kuka ba,
mutum ne ya sa ta.

Da uwarta ta sake tambaya, na ce:
"Wuƙa ma a ɗakin girki take kwana,
ba a jefar da ita, ba a kuma barin ta a shimfiɗa.
Ki kulle ƙofar baƙi.
Takwas na bugawa, a kashe.
Ki riƙa zama kusa da ita,
ki tambaye ta me take ginawa,
za ki ji abin da ba ta faɗa a kan tebur."

Ran Asabar na kai ta wurin aiki,
na miƙa mata bulo guda, na gaske.
Taku huɗu ta yi, ta ce, "Kaka, nauyi!"
Ya kuje mata babban yatsa.
Ta ɗora shi a karkace.
Na ɗauki cokalin gini zan gyara,
sai na fasa.

Da yamma ita ce malama.
Na faɗa rami sau uku,
ta yi dariya har ta faɗo daga kujera.
Rufin mun mayar da shi tare.

Sai dai in ta tashi shan ruwa,
nakan lallaɓa da kaurin yatsuna
in kafa ginshiƙi
ƙarƙashin tubalan nan nata masu reto.
Ta san ni ne.
Har yau ba ta cire ko ɗaya ba.