Yatsan da Bai Sha Tawada Ba

Ubana, a Ramin Kura, in ya sayar da albasa,
shaidu biyu yake kira, a tafa, a shafa fatiha.
In kuɗin da nauyi, a kawo takarda,
ya dangwala babban yatsa a shuɗiyar tawada.
Kwana uku yana yawo da alkawari a jikinsa,
alwala goma sha biyar ba ta gama wanke shi.

Ni kuwa, Moyi, yatsana fes yake.
Da tsabtarsa ya ci ni.

Daren Talata ne, an ɗauke wuta a Gidan Igwai,
zafi ya kore mu tsakar gida,
sai waya ta yi kuka: kamfani daga Legas,
buhu ɗari shida, farashin da ke tayar da kwance zaune.
Shafi goma sha huɗu,
baƙaƙe ƙanana kamar ƙwan kiyashi,
can ƙasa wani ɗan akwati kore yana jira.
Na ce, Atto, ɗan ƙanena, duba mini.
Ya ja, ya ja, ya ja, kamar mai jan guga a rijiya mai gaba dubu,
ya ce, Baffa, duk surutu ne, danna.

Na danna.
Ba wanda ya yi gyaran murya.
Ko akuyar da ke ɗaure ba ta daina tuƙa ba.

Mota ta kwanta a Kwantagora kwana biyar.
Albasa ba ta san uzuri ba,
ta yi gumi, ta yi tsiro, ta fara kuka a cikin buhu.
Shafi na tara ya farka,
ashe tun daren nan idonsa biyu:
kowace rana ta jinkiri da ladanta a wuyana,
in kuma gardama ta tashi,
can bakin teku za a zauna, ba nan ba.

Na hau bene a Titin Maiduguri,
gun lauya Saudatu, ɗiyar wani majemi da na sani.
Na ce, ni fa ban sa hannu ba.
Na nuna mata tafina, ciki da baya.

Ba ta yi dariya ba, na gode mata.
Ta ce, lambar da aka turo, wa ya mayar?
Na ce, Atto.
Da wayar wa?
Na yi shiru.
Ta ce, Alhaji, ka yi ciniki gaban shaidun da ba su gyangyaɗi,
sun riƙe sa'a, sun riƙe minti,
ba su cin goro,
ba su san ubanka ba.

Wata huɗu tana jan zare, saƙo ya tafi, saƙo ya dawo,
har aka sasanta.
Na tsira da rabin uwar kuɗi
da filin Dundaye da na kusa sayarwa.

Yanzu in takarda ta zo ta iska,
sai na sauko da ita ƙasa.
A buga mini ita, in shimfiɗa a kan buhu,
in danne da dutsen sikeli,
a fassara mini har layin da ya fi ƙanƙanta,
shi na fi tsoro.
In kira mai kamfanin a lambar da na daɗe da sani,
in ji muryarsa, ya maimaita asusun da bakinsa.
Kwafi ɗaya gun Saudatu, ɗaya ƙarƙashin katifa.
Lambar sirri kuwa, ko Atto ya san ta bar gidansu.

'Yan kasuwa na mini dariya, wai Moyi ya tsufa,
don ina ajiye da gwangwanin tawadar ubana.
Kafin in taɓa koren akwatin
nakan tsoma yatsa tukuna.

Gilashin ya ɓaci, a goge.
Ni dai in tashi alwalar azahar
in ga shuɗi,
in tuna akwai abin da na ɗauka.